Mai Karanta Halin Makasa: Ciwonsa Ne Ke Sa Mu Gaskata Shi?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Makon jiya na sake karanta *Red Dragon* na Thomas Harris, wanda ya fito a 1981, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai da nake so mu tattauna. Ga waɗanda ba su san littafin ba, labarin Will Graham ne, mai bincike da ya yi wa hukumar FBI ta Amurka aiki, wanda sana'arsa ita ce ya shiga inda aka yi kisa, ya dubi abin da makashin ya bari, daga nan ya faɗi irin mutumin da ya kamata a nema da abin da ke ingiza shi. Lokacin da labarin ya buɗe, Graham ya riga ya ajiye aiki, ya koma bakin teku a Fulorida yana gyaran injinan jiragen ruwa, tare da matarsa Molly da ɗanta. Ba gajiya ce kawai ta kore shi ba. Ya taɓa harbe wani makashi, abin ya taɓa shi har sai da aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa, daga baya kuma Hannibal Lecter, wani likitan ƙwaƙwalwa da ke kashe mutane a ɓoye, ya farke masa ciki da wuƙa a ranar da ya gano shi. A wannan hali tsohon maigidansa Jack Crawford ya zo masa da hotunan iyalai biyu da aka hallaka, ɗaya a Birmingham, ɗaya a Atlanta, kowanne a daidai lokacin da wata ya cika, ya roƙe shi ya dawo kafin watan ya sake cika.

Tun daga wannan littafi, da wuya ka ɗauki wani mai irin wannan jigo ba ka tarar da mai binciken yana ɗauke da ciwo a zuciya ba: ko barci ya ƙaurace masa, ko aurensa ya mutu, ko yana jin tsoron cewa shi ma da ɗan ƙiris ya zama irin mutanen da yake farauta. Abin da nake zargi shi ne, marubuta suna amfani da wannan ciwo a matsayin shaida. Idan mutum ya sha wahala haka kafin ya ga abin da ya gani, mai karatu yana jin nauyin ya ƙaryata shi, sai ya karɓi duk abin da ya faɗa ba tare da ya nemi hujja ba. Ni kaina na kama kaina ina gaskata Graham saboda tausayinsa da nake ji, ba don na auna maganarsa ba, kuma wannan ya dame ni. Ina so in ji yadda kuke gani.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Zarginka yana da tushe, amma ina ganin ka yi saurin mai da ciwon dabarar marubuci, alhali yana nan a zahiri. John Douglas, ɗaya daga cikin jami'an sashen nazarin halayya na FBI da ke Quantico, inda Harris ya je ya yi bincike kafin ya rubuta littafinsa, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakinsa na otal a birnin Seattle cikin watan Disamba na 1983, yana da shekara 38, yana tsakiyar aikin kisan gillar da aka yi wa mata a yankin kogin Green River. Kumburin ƙwaƙwalwa ne ya kama shi, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, kuma a lokacin shari'o'i fiye da ɗari ne a wuyansa. Da wannan labari ya buɗe littafinsa *Mindhunter* na 1995. A nahiyarmu ma, Micki Pistorius, wadda ta fara wannan aiki a rundunar 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1994, shekara shida kawai ta yi ta ajiye, kuma ta bayyana da kanta irin firgicin da aikin ya bar mata.

Ban da abin da na karanta, akwai abin da na gani da idona. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya yi shekaru a sashen binciken manyan laifuka. Ba masanin halayya ba ne, ɗan sanda ne kawai mai biro da littafin rubutu, amma muna yara mun san ranar da ya dawo daga inda aka yi kisa tun kafin ya ce uffan. Zai tsaya a bakin rijiya ya yi ta wanke hannu da sabulu har kumfa ta ƙare, ya sake sabawa, sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna shi kaɗai ba fitila. Ranar, Inna ba ta saka nama a miya, domin ta san ba zai ci ba. Saboda haka da na karanta inda Graham ke yawo shi kaɗai da dare a gidan da aka kashe mutanensa, ban ji marubuci yana yi mini wayo ba, mahaifina na tuna.

Alhaji Garba:
Allah Ya ji ƙan mahaifinki, 'yata, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ni wannan mutum da kuke magana a kansa mai bin sawu nake kiransa, domin na taso na tarar da masu bin sawu a garinmu. Na taɓa bin wani dattijo a baya ranar da aka kore wa kawuna shanu biyu da dare. Ya durƙusa a bakin garke ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana jan ƙafar hagu, kuma sun san gidan, domin ba su bi ta wajen da kare ke kwana ba. Kowace magana da ya faɗa sai ya nuna mana ita da tsinke a ƙasa, ga zurfin dunduniya, ga inda yatsa ya ja rairayi. Wanda ya ga dama ya sunkuya ya duba da kansa. Abin da ya raba shi da ɗan duba ke nan, wanda zai ce maka ɓarawonka na kusa da kai ne, ba baƙi ba ne sosai ba kuma fari ba, maganar da duk wanda aka kama za ta hau kansa.

Tambayar da nake yi wa waɗannan littattafai ita ce, wanne ne gwarzonsu a cikin biyun. Ku dubi labarin da ake yawan kafa hujja da shi, na likitan ƙwaƙwalwa James Brussel da mutumin da ya yi shekara 16 yana dasa bama-bamai a birnin New York, daga 1940 zuwa 1956. An ce Brussel ya faɗa wa 'yan sanda cewa idan suka kama shi za su same shi da kwat mai maɓallai layi biyu, ya saka maɓallan duka, kuma da aka je kama George Metesky a watan Janairu na 1957, ya shiga ya sauya kayan barci ya fito da irin wannan kwat ɗin. Labari ne mai daɗi, kuma Brussel ya ba da shi da kansa a littafin tarihin aikinsa na 1968. Amma ba kwat ce ta kai 'yan sanda ƙofar gidan ba. Wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarki na Con Edison mai suna Alice Kelly ce ta tono tsofaffin fayil-fayil, ta gano na wani tsohon ma'aikaci da ya ji rauni a bakin aiki a 1931, wanda kalamansa suka yi daidai da wasiƙun da mai bam ɗin ke aika wa jarida. Sunan likitan kowa ya sani, sunanta kuwa sai wanda ya bincika.

Hauwa'u:
Baba Alhaji, na ji misalinka kuma ya shige ni. Amma wannan ai tun kafin a kafa sashen na FBI ne. Ina so Dakta Habibu ya faɗa mana, tunda fanninsa ne, ko bayan an mai da abin ilimi mai tsari an gwada shi an ga yana aiki.

Dakta Habibu:
An gwada, ƙanwata, kuma sakamakon bai kai yadda littattafan ke nunawa ba. An kafa sashen a 1972. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, Douglas da Robert Ressler, tare da Farfesa Ann Burgess, suka tattara bayanan makasa 36 da ke gidajen yari, kuma a kan wannan aka gina rabon da ya shahara: makashi mai tsari, wanda ke shirya aikinsa ya kawar da alama, da makashi marar tsari, wanda ke afkawa ba shiri ya bar wurin a hargitse. Matsalar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa koyar da hanyoyin bincike. Mutum 36 sun yi kaɗan, waɗanda suka yarda su yi magana ne kawai aka ji, kuma mutane ne da ƙarya ta zame musu jiki. A 2004 David Canter na Birtaniya da abokan aikinsa suka ɗauki shari'o'in makasa 100 na Amurka suka auna wannan rabo, sai suka tarar bai tsaya ba, domin alamun tsari suna nan a kusan kowane kisa. Shi kansa makashin Green River da ya kwantar da Douglas, wato Gary Ridgway, sai a 2001 aka kama shi, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ne ya kama shi.

Amma abin da ya sa na ɗauki damuwar Malam Nasiru da muhimmanci shi ne abin da ya faru a Landan. A watan Yuli na 1992 aka kashe wata matashiya, Rachel Nickell, a filin shaƙatawa na Wimbledon, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. 'Yan sanda suka nemi taimakon masanin halayya Paul Britton, ya zana musu siffar wanda za a nema, suka ga ta dace da wani mazaunin unguwar mai suna Colin Stagg, mutum mai zaman kaɗaici da ke fita da karensa a filin. Babu wata hujja ta zahiri da ta haɗa shi da kisan. Sai aka tura wata 'yar sanda ta ɓad da kama, ta yi watanni tana rubuta masa wasiƙu tana nuna tana sonsa, tana jan sa ya amsa laifi. Bai amsa ba, duk da haka aka gurfanar da shi, ya yi wata 13 a tsare, har zuwa watan Satumba na 1994 da alƙali ya yi fatali da wannan shaida, ya kira ta yaudara, aka sallame shi. Jaridu da jama'a suka ci gaba da yi masa kallon wanda ya sha da ƙyar, har shekara 14. A tsakanin nan, cikin watan Nuwamba na 1993, Stagg na tsare, ainihin makashin, Robert Napper, ya kashe wata mata da ƙaramar 'yarta. Sai a Disamba na 2008 Napper ya amsa kisan Nickell bayan sabon gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna shi, a shekarar ce kuma aka biya Stagg diyyar fam 706,000. Adalci ne in ƙara da cewa ƙarar da aka kai Britton gaban ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya an yi watsi da ita a 2002 saboda tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma ba shi ya yanke shawarar gurfanarwa ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, a cikin littafi marubuci ya riga ya san makashin, saboda haka duk abin da ya ɗarsu a zuciyar gwarzonsa dole ya zama gaskiya. A waje kuwa ba wanda ya rubuta ƙarshen labarin, kuma idan ɗarsuwar ta kuskure, akwai mutum mai rai da za ta faɗa wa.

Hauwa'u:
Na gode, Dakta, labarin Stagg ya sosa mini rai ƙwarai. Sai dai ina neman izini in kare *Red Dragon*, domin ina ganin ana ɗora masa laifin waɗanda suka kwaikwaye shi. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, zan taɓa ƙarshen labarin. Idan aka bi littafin a hankali, duk wani ci gaba da Graham ya samu yana da abin da za a nuna da tsinke, kamar yadda Baba Alhaji ya ce. Ya lura da ɓurɓushin hodar safar hannu a jikin matar da aka kashe a Atlanta, ya ce lallai makashin ya cire safar ya taɓa ta, aka koma aka duba, aka samu zanen yatsa. Gano makashin kansa ma ba ta hanyar shiga zuciyarsa aka yi ba. Graham ya zauna yana ta maimaita kallon finafinan gida da iyalan biyu suka ɗauka, yana tambayar kansa yadda baƙo ya san ya zo da abin yanke kwaɗo, ya san ƙofar da za a bi, ya san dabbar da ke gidan. Sai ya gane cewa duk waɗannan suna cikin finafinan, ke nan makashin ya kalle su. Aka duba gwangwanin fim ɗin, aka ga kamfani ɗaya ne a St. Louis ya wanke su, kuma a can makashin, Francis Dolarhyde, yake aiki. Wannan aikin haƙuri ne irin na Alice Kelly.

Ciwon Graham kuwa bai taɓa ba shi amsa ba, cinye shi kawai yake yi. Har ma ya kai shi ga kuskure, domin shi ya amince a yi amfani da wani ɗan jarida a tsokani makashin, kuma ɗan jaridar ne ya mutu mummunar mutuwa. Abin da ya fi tsaya mini ma ba Graham ba ne, Dolarhyde ne: yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, uwa ta guje shi, kaka ta azabtar da shi, wanda a karon farko ya samu mai kula da shi a wajen Reba, makauniyar da suke aiki tare, har ya yi ƙoƙarin danne abin da ke cikinsa saboda ita. Na tausaya masa, kuma na ji tsoron wannan tausayi, domin na san abin da ya aikata. A ganina Harris ya sa mai karatu ya ɗanɗana abin da Graham ke sha kullum.

Inda na yarda da Malam Nasiru shi ne a kan waɗanda suka biyo baya. Ko Tony Hill, mai karanta halin makasa a littattafan Val McDermid, wanda ya fara fitowa a *The Mermaids Singing* a 1995, littafin da ya ci babbar lambar marubutan labaran laifi ta Birtaniya, yana da nasa raunin, ba ya iya kusantar mace, kuma McDermid ta saƙa wannan cikin labarin da kyau tunda ta nan makashin ya same shi. Amma bayan su an samu tarin littattafai da ake rataya wa gwarzo ciwo kamar yadda ake rataya masa bindiga, ba tare da ciwon ya sauya komai a labarin ba.

Malam Nasiru:
Hauwa'u, kin yi gaskiya a kan finafinan, na koma na duba babin kuma haka yake. Na janye rabin zargina daga kan Harris. Rabin da na riƙe shi ne wannan: ki tambayi mutum goma da suka karanta littafin ko suka kalli finafinan da aka yi daga gare shi a 1986 da 2002, me suka tuna. Ba za su ce gwangwanin fim ba. Za su tuna ziyarar da Graham ya kai wa Lecter a inda yake tsare, inda Lecter ya nuna masa cewa ya kama shi ne saboda halinsu ɗaya. Harris ya rubuta aikin haƙuri, amma ya zuba duk ƙarfin alƙalaminsa a kan wancan tunani cewa sai mai ɗigon duhu a zuciya ke gane duhu, kuma shi ne ya fita daga littafin ya shiga kan jama'a. Ina jin 'yan sandan da suka rungumi siffar da aka zana musu a Landan a 1992, shekara ɗaya bayan fim ɗin *The Silence of the Lambs*, wanda aka yi daga littafin Harris na gaba, ya cika gidajen kallo, ba su tsira daga wannan iska ba, ko da yake wannan zatona ne kawai.

Alhaji Garba:
Maganar Lecter ɗin nan ni ban taɓa karɓarta ba, Malam. Maƙiyi ne ya faɗe ta don ya raunana wanda ya kama shi, kuma littafin da kansa ya nuna cewa wani tsohon zanen likitanci ne ya tuna wa Graham irin raunukan da ya gani a jikin gawa. Dattijon garinmu bai taɓa satar ko kaza ba, kuma ya fi ɓarayi sanin tafiyar ɓarawo.

Malama Rabi:
Akwai wadda muka yi ta wucewa ta gefenta tun farkon wannan muhawara, ita ce Molly. Ta riga ta binne miji ɗaya kafin ta auri Graham, ta san abin da aikin ya yi masa a baya, ta kuma ga Crawford ya zo har gida ya ɗauke shi. Saboda aikinsa aka tona adireshinsu, aka kwashe ta da ɗanta aka ɓoye. A ƙarshe, da Dolarhyde ya biyo su har Fulorida ya soki Graham a fuska, ita ce ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ba hukuma ba. Bayan haka littafin ya bar mu da alamar cewa auren ba zai ɗore ba, kuma a littafi na gaba, na 1988, abin da aka ce game da Graham layi kaɗan ne: yana Fulorida, fuskarsa ta lalace, ya faɗa shan giya. Molly kuwa ba a sake bin labarinta ba.

Wannan shi ne abin da nake nema a cikin irin waɗannan littattafai ban samu ba. Shafi ɗari uku ake ba zuciyar mai bincike, a ba zuciyar makashi ɗari, a bar wa matar gida kiran waya biyu ko uku. Innarmu ta yi shekara 26 tana karanta fuskar mahaifinmu daga bakin ƙofa, ta san ranar da za ta kore mu ɗaki da wuri, ta san ranar da za ta aika a kira amininsa ya zo ya zauna da shi a zaure ko da ba za su yi magana ba. Da ya yi ritaya, ita ce ta tattara littattafan rubutunsa ta ɗaure da igiya ta saka a ƙasan adaka, kuma har ta rasu ba ta bar ɗayanmu ya buɗe ba. Hauwa'u, ke da kika fi mu bin sababbin littattafai, idan kin san wanda aka rubuta daga ɓangaren matar mai binciken, ki taimaka ki turo mini sunansa.